Sayen makin hutu ko biyan otal da kuɗi: wanne ya fi wa mai tafiya daga Sakkwato?

Tayin yakan zo da daɗin ji. Ka biya kuɗi sau ɗaya, a riƙa zuba maka maki kowace shekara, kai kuma ka riƙa sauka da iyalinka a gidajen hutu na Dubai ko Sifaniya ko Amurka, ka huta da ciwon kan tsadar otal. 'Yan kasuwarmu masu zirga-zirgar ƙasashen waje da manyan ma'aikata su ake tarewa da shi, wani a harabar otal, wani ta WhatsApp. Abin da ake sayarwa shi ne taimshiya, wato haƙƙin kwana a wani masauki na 'yan kwanaki duk shekara. Harkar ba ta bogi ba ce a asalinta, domin kamfanoni irin su Marriott da Hilton da Disney suna cikinta tsundum. Sai dai dacewarta da kai ta rataya ne a kan abin da dillali ba ya son a daɗe ana magana a kai: yadda ake yanka wa kowane dare farashi, da yadda farashin nan ke sa dubban masu maki su yi cincirindo a kan ranaku guda.

Harkar ta samo asali ne a Turai a shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, yana cikin na farko-farko. Da ta bunƙasa a Amurka, mako guda tsayayye aka fi sayarwa: ɗaki kaza, mako na kaza, kowace shekara. Da mutane suka gaji da komawa wuri ɗaya sai kamfanonin musaya, masu ba ka damar sauya makonka da na wani wuri, suka ɓullo, RCI a 1974, Interval International a 1976. Disney ta buɗe nata kulob da tsarin maki a 1991. Marriott, wadda ta shiga harkar tun 1984, ta koma sayar da maki a 2010. Yau yawancin abin da za a yi maka talla maki ne.

Mai son masauki a waje yana da hanyoyi uku: ya sayi mako tsayayye, ya sayi maki, ko ya riƙe kuɗinsa ya biya otal duk lokacin da tafiya ta kama.

Mako tsayayye ba sai na daɗe a kansa ba. Amfaninsa guda ne kuma babba: ɗakinka naka ne a wannan makon, ba ka takara da kowa. Matsalarsa a wurinmu ita ce an ƙulla shi da kalandar Miladiyya, mu kuwa manyan tafiye-tafiyenmu wata suke bi. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris, kamar yadda Fadar Sarkin Musulmi ta sanar. Kowace shekara yana ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya. Makon da ka saya don ya dace da hutun ƙaramar Sallah bana, nan da shekara uku ya bar Sallah da wata guda cur. Ga wanda hutunsa ke bin dogon hutun makaranta na Agusta abin yana iya yi, amma a Turai da Amurka makonnin nan ne suka fi tsada tun wurin saye.

Maki ne ke da sarƙaƙiya. Kowane gidan hutu yana da jadawali da ke nuna makin da dare ɗaya ke ci. Abubuwa huɗu ke ɗaga shi ko su sauke shi: lokacin shekara, ranar mako, girman ɗaki, da abin da taga ke kallo, teku ne ko wurin ajiye motoci. Kwanan ƙarshen mako, Juma'a da Asabar, ya fi sauran tsada. RCI ma ta daɗe tana raba shekara da launi, ja ga lokacin rububi, fari ga matsakaici, shuɗi ga lokacin da ba kowa. Don a gane, a ce kana da maki 150 a shekara, ƙaramin ɗaki kuma yana cin 12 a dare lokacin da ba jama'a, 28 a ƙarshen Disamba. Da makin nan za ka kwana goma sha biyu a lokacin farko, biyar kacal a na biyu. In iyalinka sun kai a kama mai ɗaki biyu da falo, kamar yadda yawancin gidajenmu suke, biyar ɗin nan sai su koma biyu. Dillali kwana goma sha biyun zai nuna maka.

Wannan ma mai sauƙi ne, tunda a rubuce yake. Abin da ba a rubuta ba shi ne a tsarin maki farashi a daskare yake. Ana fitar da jadawali tun kafin shekara ta shigo, ba ya motsi ko da mutum dubu na neman ɗaki ɗaya. Duk wanda ya zauna a garin nan lokacin ƙarancin mai ya san abin da ke faruwa idan farashi ya tsaya cak alhali buƙata ta yi yawa. Gidan man da ke sayarwa a farashin hukuma, layinsa tun asuba ya miƙe, wanda ya zo da hantsi sai dai ya juya. 'Yan bumburutu kuma ba layi a wurinsu, sai dai ka biya abin da suka yanka. Tsarin maki shi ne gidan man, otal kuma shi ne mai jarka a bakin titi. A na farko da sammako ake biya, a na biyu da aljihu.

Sammakon nan a Disney yana da ƙa'ida ƙarara. Mai maki yana iya kama ɗaki a gidan da ya sayi makinsa tun saura wata 11, a sauran gidajen kulob ɗin kuwa sai saura wata 7. Sauran kamfanoni ma suna da irin wannan taga, wasu har suna ba masu maki da yawa damar shiga kafin ƙanana. Saboda haka ɗakunan da aka fi so sukan ƙare a ranar da aka buɗe su, wani lokaci cikin mintuna.

Ba lokacin da ya fi tsada ne ke fara cika ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Mai maki yana da adadi ƙayyadadde, burinsa ya ja shi ya yi nisa. Kowa sai ya duba jadawali ya nemi inda aka yi araha alhali lokacin yana da daɗi. A gidajen Disney na Florida, farkon Disamba ya yi suna a tsakanin masu maki: makinsa kaɗan, zafi ya sauka, an riga an ƙawata wuri, ga shi kuma yana cikin lokutan da suka fi wuyar samu. Ƙananan ɗakuna su ne ke fara tafiya domin su ne masu arahar maki, manyan su saura. Duk inda ka ga garaɓasa a jadawali, dubban mutane sun gan ta tare da kai, kuma yawancinsu ba sa jiran biza kafin su yanke shawara.

Kamfani yana ganin wannan rububin, kuma yana da maganinsa: ya sake rabon maki. A tsari irin na Disney jimillar makin gida na shekara ba ta ƙaruwa, amma ana iya ɗaga wani lokaci a sauke wani. Sun yi haka a jadawalin 2010, lokacin da suka ga jama'a na tururuwa daga Lahadi zuwa Alhamis suna gudun ƙarshen mako: aka ƙara wa ranakun aiki maki, aka rage wa Juma'a da Asabar. A wurin kamfani gyara ne mai ma'ana. A wurin wanda ya sayi maki daidai kwana biyar ɗin da ya saba, an wayi gari makinsa ba sa kai shi. Ko ya rage kwana, ko ya ƙara saye. Dillalin kuwa yana nan yana jiran sa.

Wani ƙanin mahaifiyata da ke da shago a Tsohuwar Kasuwa ya taɓa miƙo min wayarsa in duba masa irin wannan tayin. An turo masa takarda mai hoton tafkin wanka da itatuwan dabino, a ƙasa ga jadawali da ƙananan lambobi. Ya sa yatsa a kan layin da ya fi araha.

Na ce, "Kawu, wanga jadawali na bana ne. Ka ga shekarar an rubuta a sama."

Ya gyara tabarau ya ƙura ido. "To mi za ya hana su sake shi baɗi?"

"Ba abin da za ya hana, Allah shi daɗe da ranka. Sai abin da takardar yarjejeniya ta iyakance."

Ya ce a nemo masa takardar. Ba ta cikin abin da aka turo. Wannan tambayar tasa ita ce ta farko da kowa ya kamata ya yi, kuma a ba shi amsa a rubuce: wa ke da ikon sauya jadawali, kuma da kashi nawa a shekara?

Ana kuma yi wa mutane talla da cewa maki ba ya asara, domin kana iya ajiye na bana zuwa baɗi ko ka ranto na baɗi ka haɗa da na bana. Gaskiya ne, amma da iyaka. Makin da aka ajiye yana da wa'adi, galibi shekara guda, in ya wuce ya ƙone. Sannan ɗakuna ba sa ƙaruwa don maki sun taru. An ga haka a 2020: annobar korona ta rufe gidajen hutu, maki suka taru a hannun mutane, har Disney ta taƙaita rancen maki zuwa rabi don kada a yi wa ɗakunan da ke akwai yawa. Duk shekarar da mutane da yawa suka ajiye, shekara mai bi mata sai layi ya ƙara tsawo.

Otal kuwa farashinsa yana numfashi. Kwamfuta ce ke ɗaga shi da sauke shi gwargwadon masu nema, wani lokaci sau da yawa a rana guda. A Dubai daga Nuwamba zuwa Maris yana sama, daga Yuni zuwa Agusta da zafi ya kankama sai ya faɗi warwas. Ciwon wannan hanya a bayyane yake: ranar rububi za ka biya har ka ji a jikinka. Daɗinta kuma shi ne in dai kana da kuɗin, da wuya ka rasa ɗaki, kuma lokacin da ba kowa kai ke cin ribar faɗuwar farashi. Mai maki ba ya cin wannan ribar yadda ya kamata, tunda ya riga ya biya. Wasu kamfanoni suna rage maki a kan ɗakunan da suka yi kwantai saura wata ɗaya ko biyu, amma ragowar da kowa ya tsallake ce.

Yanzu a kawo lissafin gida Sakkwato. Mutum nawa ne a cikinmu ke iya faɗin ranar tafiyarsa tun saura wata 11? Tafiyarmu tana jiran biza, tana jiran kasuwa, tana jiran lafiyar tsofaffi da bikin dangi da ba a sa rana ba tukuna. Hadaddiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba a sake buɗewa ba sai Yulin 2024. Jiragen Emirates ma sun daina zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, sai Oktoban 2024 suka dawo. Wanda ke da maki a Dubai a tsakanin nan ba ya iya taka ƙasar, amma takardar kuɗin kula da gida ba ta fasa zuwa ba. Mallakar maki ba ta ba kowa biza a kowace ƙasa. Wanda ke biyan otal da kuɗi, da ƙofa ta rufe sai ya juya akalarsa Masar ko Turkiyya, ko ya zauna gida bai yi asarar sisi ba.

Kuɗin kula da gidan nan shi ne ƙashin bayan maganar. Ana biyan sa kowace shekara, ka je ko ba ka je ba, kuma yana hawa kusan kullum. A Amurka, bisa alƙaluman ƙungiyar masu harkar, ARDA, matsakaicinsa ya haura dala 1,000 a shekara, kuɗin saye kuma ya haura dala 20,000. Mu da ke samun naira, abin ya fi haka nauyi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ke nan dala 1,000 ta tashi daga kimanin naira 460,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi, ba tare da kamfani ya ƙara ko kwabo ba. In za ka yi musaya ta RCI ko Interval, akwai kuɗin zama mamba da kuɗin kowace musaya daban. Hanya mafi gaskiya ta awo ita ce ka raba kuɗin saye a kan shekarun da kake ganin za ka yi amfani da shi, ka ɗora kuɗin kula na shekara, ka raba da kwanakin da makin za su ba ka a lokacin da kai kake tafiya, ba lokacin da ya fi araha ba. Abin da ya fito ka ajiye shi kusa da farashin otal mai daraja ɗaya a waɗannan ranaku. Sau da yawa tazarar ba ta kai a ɗaure kai shekara ashirin saboda ita ba.

Na san abin da ke zuciyar mutanenmu da yawa ba Florida ba ne, Makka ce. An taɓa yin irin wannan tsari a can: a farkon shekarun 2000 kamfanin Munshaat na Kuwait ya sayar da takardun haƙƙin amfani na shekara 24 a hasumiyar Zamzam da ke cikin gine-ginen Abraj al-Bait, daura da Harami. Farashin takardar ya danganta da lokaci da girman ɗaki da ko yana kallon Ka'aba. A nan ne dokar buƙata ta fi fitowa fili, domin goman ƙarshe na Ramadan dare goma ne kacal, duniya kuma gaba ɗaya su take so. Babu wani tsari da zai mayar da su masu araha. Idan aka yi maka tallan maki da sunan za ka riƙa yin goman ƙarshe kusa da Harami a farashi mai sauƙi, ka nemi a rubuta maka ranakun da lissafin Hijiriyya, da sunan ginin, da abin da za a yi in ba a samu ɗaki ba. Aikin Hajji kuma ba ya shiga wannan lissafi sam, kujerarsa ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da ta jiha ko kamfanonin da aka ba lasisi take bi, da masaukinta a haɗe.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan ciniki a zamanta na 2007 a Putrajaya ta Malesiya, ta halatta sayen rabo a gida ko hayar amfaninsa na wasu lokuta, bisa sharaɗin a san abin da aka saya ko a siffanta shi yadda ba za a yi jayayya ba. A nan mako tsayayye ya fi maki tsabta, tunda an san ɗaki an san rana. Makin da jadawalinsa ke sauyawa, gara a kai wa malami takardar yarjejeniyar kanta ya karanta. Abin da ba ya buƙatar dogon bincike shi ne bashin da kamfanonin ke bayarwa don a biya kaɗan-kaɗan: da ruwa yake zuwa, ruwa mai yawa kuwa.

Fita ma sai an yi tunaninta tun kafin shiga. Maki ba fili ba ne a Arkilla ko Mabera da za ka saya ka bari ya yi daraja. Yawancinsu da ka sa hannu darajarsu ta zube, har akwai masu sa nasu a kasuwar intanet ta eBay a kan dala 1 don kawai su rabu da kuɗin shekara. Na Disney da wasu ƙalilan suna riƙe daraja fiye da saura, su ma da wa'adi: yarjejeniyar tsofaffin gidajen Disney da dama a 2042 za ta ƙare. Wasu yarjejeniyoyin kuma ba su da ranar ƙarewa, sai su shiga cikin gado su zame wa magada alaƙaƙai.

To wa maki suka dace da shi? Akwai shi, ba na musu. Mutumin da ke samun kuɗinsa da dala ko fam, yake da takardar zama ko doguwar biza a ƙasar, yake komawa wuri guda kowace shekara, yake iya tsayar da ranar tafiya tun saura wata 11, kuma yake buƙatar gida mai kicin da ɗakuna don iyali mai yawa. Ɗan Sakkwaton da ke aikin likita a Ingila ko Amurka zai iya cin moriyarsa sosai, musamman in yana iya tafiya lokacin da yara ke makaranta. Ko shi ɗin, na hannu ya fi masa, wato ya saya daga mai son fita a kan kaso kaɗan na farashin kamfani, bayan ya bincika gatan da ake cire wa mai sayen na hannu. Disney, alal misali, tun 2019 ta hana sababbin masu sayen na hannu amfani da makinsu a wasu sababbin gidajenta.

Ga ɗan kasuwar da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III ya bi ta Abuja ko Legas, wanda ribarsa naira ce kuma tafiyarsa ke zuwa yadda Allah ya kawo ta, ni kuɗi a hannu nake zaɓar masa ba tare da jinkiri ba. Zai biya da tsada a wasu ranaku, amma shekarar da bai tafi ba ba ya bin kowa, ba a bin sa. In yana son ɗanɗana irin waɗannan gidaje, masu maki da yawa suna ba da hayar makinsu na shekara guda ta hannun dillalan intanet, su ma kamfanonin suna ba da ɗakunan haya kamar otal. Ya gwada haka sau ɗaya a ainihin lokacin da yake son tafiya, zai ga da idonsa ko ɗakin na samuwa.

Wanda kuma ya riga ya sa hannu a cikin zafin talla, ya duba kwanan watan takardarsa yau ɗin nan. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma hana karɓar kuɗi a hannunsa a cikin kwanakin. A Florida kwana 10 ne. Dubai ta yi tata dokar a 2020, wadda ta wajabta wa masu wannan sana'a samun izinin hukumar yawon buɗe ido, don haka a nemi ganin lasisin kafin a ba da ko dirhami ɗaya. Janyewar a rubuce ake yin ta, a aika ta adireshin da yarjejeniya ta ambata, a kuma ajiye shaidar ranar da aka aika.